Aminina mai ciwon suga ya zage ni a waya, washegari bai tuna ba

Tambaya: Likita, ina zaune a Yelwa cikin garin Bauchi. Ina da amini tun muna firamare, an yi masa canjin wurin aiki zuwa Bajoga, iyalinsa na nan Bauchi, shi kaɗai yake kwana a ɗakin haya. Shekararsa 58, ya kai shekara goma da ciwon suga, ƙwayoyi yake sha. Ranar Alhamis bayan la'asar na kira shi, yana azumin nafila. Sai na ji harshensa ya yi nauyi, yana ta maimaita magana ɗaya, daga baya ya zage ni ya kashe waya, mutumin da bai taɓa ɗaga min murya ba. Na yi fushi ban sake kira ba. Washegari ya ce sam bai san mun yi waya ba, abin da ya tuna kawai shi ne ya farka a kan tabarma sharkaf da gumi, yaron maƙwabci yana ba shi kunu. Wasu sun ce iska ce, wani ma ya ce ko ya fara shaye-shaye. Mene ne wannan, kuma me zan iya yi daga nesa?

Amsa: Malam, ka ajiye zancen iska da na shaye-shaye gefe guda. Mutum mai shan maganin suga, yana azumi, da yamma liƙis, harshe ya yi nauyi, hali ya sauya, gumi ya jiƙa shi, ya sha kunu ya dawo hayyacinsa, kuma bai tuna komai ba: duk wanda ya yi ko wata ɗaya a ɗakin karɓar marasa lafiya na gaggawa a nan Gombe zai ce maka suga ne ya faɗi. Gwaji ne ke tabbatarwa, amma da a gabana abin ya faru, kafin in aika a ɗauko na'urar gwajin suga na sa an jiƙa masa suga. Zagin da ka sha kuwa ba amininka ne ya yi maka shi ba. Ƙwaƙwalwa ce da yunwa ta kama. Kunun yaron nan ya yi aikin da ya fi ƙarfin kuɗinsa.

Mutanenmu sun san hawan suga, suna kuma tsoronsa. Faɗuwarsa ce ba a cika ba ta muhimmanci ba, alhali ita ce mai gaggawa. Hawan suga yawanci ɓarawo ne mai haƙuri, shekara da shekaru yake yi yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Faɗuwa kuwa tsakanin la'asar da magariba tana iya gama aikinta.

Dalilin yana cikin yadda ƙwaƙwalwa take. Tsoka tana da ajiyarta, tana kuma iya ƙona kitse idan abinci ya yanke. Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu. Kusan giram 120 na suga take ci a kullum, kuma daga jini take ɗiba kai tsaye, minti bayan minti. A jikin mai lafiya, da zarar suga ya fara sauka sai jiki ya rage sakin insulin, wato sinadarin da ke kwashe suga daga jini, hanta ta buɗe ajiyarta ta zuba suga a jini, shi ya sa ni da kai muke azumi har magariba ba mu faɗi ba. Amma wanda ya yi allurar insulin, ko ya haɗiyi ƙwayar da ke tilasta wa jiki fitar da insulin, ya riga ya cire wannan birki. Maganin bai san yau Alhamis ba ce, bai san ba a ci abincin rana ba. Zai ci gaba da kwashe suga daga jini ko da babu abin kwashewa.

Iyakar da muke aiki da ita ita ce 70 a na'urar da ke lissafi da mg/dL, ko 3.9 a wadda ke lissafi da mmol/L. Duk iri biyun suna hannun mutane a Bauchi da Gombe, kuma na sha ganin an rikice, wani ya ga 3.5 ya ce ai na'urar ce ta lalace tunda ta maƙwabcinsa 120 take nunawa. Idan ka ninka ƙaramin adadin sau 18 zai ba ka babban. Ƙasa da 70 an shiga faɗuwa. Ƙasa da 54, wato 3.0, ƙwaƙwalwa ta fara tangaɗi. Idan na'ura ta rubuta LO, to ya yi ƙasan da ba ta ma iya ƙirgawa.

Jiki yakan yi kururuwa tukuna: gumi mai sanyi ko da ana hunturu, karkarwar hannu, faɗuwar gaba, wata irin yunwa mai yanke ƙafa, jiri. Idan ba a kula ba sai ƙwaƙwalwa ta karɓa: gani ya dushe, magana ta karye, mutum ya riƙa sambatu ko taurin kai ko faɗa, ya kasa sa maɓallin riga. Daga nan sai jijjiga irin ta farfaɗiya, sai suma. Da dare kuwa alamunsa mugayen mafarkai ne, da tashi da zanin gado a jiƙe, da ciwon kai da sassafe. Matsalar wanda ya daɗe da ciwon, kamar amininka, ita ce kururuwar farko tana raguwa. Duk faɗuwar da aka yi tana dusashe gargaɗin ta gaba, har a kai inda mutum zai tashi daga lafiya lau ya faɗa ruɗewa ba tare da ya ji komai a tsakani ba. Wasu magungunan hawan jini irin su propranolol da atenolol su ma suna ɓoye bugun zuciya da karkarwar, sai gumin kaɗai ya rage. Abin daɗin shi ne gargaɗin yakan dawo idan aka yi mako biyu zuwa uku ba a bari suga ya faɗi ba.

Abu na farko da nake so ka yi shi ne ka san sunan ƙwayar da yake sha. Kada ka yarda da "ai fara ce ƙarama". Ya ɗauko kwalin ya karanta maka, ko ya ɗauki hotonsa ya turo. Metformin ita kaɗai da wuya ta kayar da suga har haka. Masu yin wannan aikin su ne insulin da dangin ƙwayoyin nan: glibenclamide, wadda aka fi sani da Daonil, da glimepiride, da gliclazide. Akwai kuma masu haɗe biyu a ƙwaya ɗaya kamar Glucovance, wadda metformin ce da glibenclamide, mutum na sha yana zaton metformin ce zalla. Glibenclamide ce ta fi yawa a hannun mutanenmu saboda araha, kuma ita ce ta fi ba mu wahala, domin tana daɗewa a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a jerin magungunanta na tilas, ta rubuta cewa ba ta dace da wanda ya haura shekara 60 ba, gliclazide ta sa a gurbinta. Amininka saura shekara biyu ya kai nan.

Bari in ba ka labarin wani dattijo. An kawo shi da hantsi a bayan a-kori-kura, an shimfiɗa masa katifa, 'ya'yansa uku na biye. Yana wani irin minshari, ɓarin jikinsa na dama ya saki, babban ɗan har ya fara buga waya ƙauye yana cewa a yi ta addu'a, shanyewar ɓarin jiki ce. Ma'aikaciyar jinyarmu ta soki yatsansa, na'ura ta ce LO. Muka tura masa ruwan suga ta jijiya. Allah shaida, ba a yi minti biyar ba tsohon ya buɗe ido, ya kai hannun daman nan da aka ce ya mutu ya shafa kansa, ya ce ina hularsa. Sai kuma ya tambaya wa ya kawo shi nan bai gama karin kumallo ba. Aka yi ta dariya da kuka a haɗe. 'Ya'yan suka ce tunda ya warke a ba su shi su tafi. Na hana, har muka ɗan yi sa-in-sa da babban, wanda ke ganin kuɗin gado nake nema. Wajen ƙarfe biyun dare sugan ya sake faɗuwa, yana kwance da ƙarin ruwa a hannu. Daonil yake sha, ga ƙodarsa ta yi rauni ba ta fitar da maganin da wuri. Da a gida daren ya same shi, kowa zai ɗauka barcin gajiya yake yi.

Ka riƙe wannan: faɗuwar da irin waɗannan ƙwayoyi suka jawo tana iya dawowa cikin awa 24, wani lokaci fiye. Farfaɗowa ba sallama ba ce. Kuma a kan maganar ƙoda, idan ka ji wanda ya shekara goma sha wani abu yana fama da suga ya fara murna wai ciwonsa ya warke, kullum gwaji ƙasa yake nunawa, a duba ƙodarsa kafin a yi walima. Sau da yawa maganin ne ke taruwa a jiki.

Sauran abubuwan da ke jawo ta sanannu ne, ba sai na ja su ba: tsallake abinci, aikin ƙarfi ko doguwar tafiya a ƙasa, amai da gudawa, zazzaɓin da ya hana cin abinci amma bai hana shan ƙwaya ba. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana saukar da suga, kwinin ma haka, Septrin kuma, maganin kashe ƙwayoyin cuta, tana ƙara wa glibenclamide ƙarfi. Giya tana toshe hanta ta hana ta sakin ajiyarta. Sai jiƙe-jiƙen shuwaka da sassaƙe da garin magani da ake haɗawa da na asibiti a ɓoye. Ba na faɗa da maganin gargajiya, amma wanda ke shan biyu ya gaya wa likitansa, domin an sha kama garin da ake sayarwa da sunan na gargajiya alhali an daka glibenclamide a ciki. Akwai kuma abin da ya shafi amininka kai tsaye: gwauron dole. A gida uwargida ce ke sa masa ido, abinci na zuwa a kan lokaci. A Bajoga kuwa mai shayi ne da mai shinkafa da wake, ran da aiki ya riƙe shi sai ya wuce da ruwa kawai.

Yanzu ga inda kake da hannu.

Gaisuwarmu ta Hausa ba ta gano marar lafiya. Ina wuni, lafiya lau. Ya gajiya, ba gajiya. Ya jiki, da sauƙi. Waɗannan amsoshi a kan harshe suke zaune, ba sa bi ta ƙwaƙwalwa. Na taɓa gaida mutum a gadon asibiti ya amsa min tsaf har da "madalla", alhali bai san sunan matarsa ba a lokacin. Bahaushe ko yana bakin kabari zai ce maka da sauƙi. Saboda haka idan ka gama gaisuwa, ka jefa masa tambayar da sai ya yi tunani kafin ya amsa. Me ka ci da rana, a wajen wa? Ƙarfe nawa ka sha magani? Nawa na'ura ta nuna da safe? Wa ya ja ku sallar la'asar? Ba amsar kaɗai za ka saurara ba, ka saurari yadda take fitowa. Kai da ka san muryarsa shekara hamsin ka fi kowane likita sanin ran da ta sauya. Idan ya yi jinkirin da ba halinsa ba, ko kalmomi na harɗewa, ko ya maimaita abin da ya faɗa yanzu, ko ya hau faɗa ba dalili, kada ka tsaya lallashi, kada kuma ka yi zuciya. Ka ba shi umarni gajere da babbar murya, ka kira sunansa: tashi ka sha suga yanzu, ina kan layi. Ka bar wayar a kunne, ka ɗauki wata ka kira maƙwabci. Mai faɗuwar suga yakan yi gardama ya rantse lafiyarsa ƙalau, wannan gardamar ma cikin ciwon take.

Ka lura na ce murya. Saƙon barka da Juma'a da ake ta turawa a WhatsApp zumunci ne, amma ba dubiya ba ne. Alamar da ke nuna an buɗe saƙo ba ta gaya maka a wane hali aka buɗe shi.

An ce zumunta a ƙafa take, kuma a wannan ciwon maganar ta zauna daram, domin waya ba ta iya ɗura wa mutum kunu. Kana buƙatar ƙafa a Bajoga. Ka samo lambar mutum biyu aƙalla waɗanda za su iya isa ƙofarsa cikin minti biyar: uban yaron nan mai kunu, mai shagon bakin layi, ladanin masallacin da yake salla, abokin aikinsa. Ɗayansu ya riƙe mabuɗi na biyu. Kuma amininka da bakinsa ya gaya musu, a gaban shaida in ya yiwu, cewa idan aka buga bai amsa ba an yafe a ɓalle ƙofa. Wannan izinin yana da muhimmanci fiye da yadda kake zato. Na ga inda maƙwabta suka tsaya a ƙofar mutum tun asuba har azahar suna sallama suna shawara, kowa na jin nauyin fasa ɗakin babban mutum, ga takalminsa a waje, ga babur ɗinsa a jingine. Lokacin da aka shiga yana da rai, ya kuma rayu, amma bai sake komawa aiki ba. Ƙwaƙwalwar da ta yi awoyi ba suga ba kullum take dawowa yadda take ba.

Sai ku tsayar da lokaci. Kira sau biyu a rana ya isa: bayan asuba, domin dare ne ya fi haɗari ga mai kwana shi kaɗai, da kuma bayan isha'i, don ka ji ya ci abincin dare. Ranar da yake azumi a ƙara ɗaya bayan la'asar. Ba sai doguwar hira ba, minti ɗaya ya wadatar. Amfanin tsayayyen lokaci shi ne yana ba shiru ma'ana. Idan kowane lokaci ka ga dama kake kira, rashin ɗauka ba ya nufin komai, sai ka ce ko yana wanka, ko caji ya ƙare, ko sabis ne. Idan kuwa ya san ƙarfe shida za ka kira, ka kira sau biyu tsakanin minti goma bai ɗauka ba, to ba sauran zato, maƙwabci za ka tasa. Sau tara cikin goma za a tarar wayar ce ta mutu saboda rashin wuta, za ka ji kunya, maƙwabci ya yi ɗan tsaki. Ka saya masa kati ka ba shi haƙuri. Ku raba aikin da uwargidansa da babban ɗansa don kada ya zame wa mutum ɗaya kaya, kuma kada ka tsallake ta, ita ta fi kowa haƙƙin sanin abin da ya faru ranar Alhamis. Ina kyautata zaton bai gaya mata ba.

Abin da maƙwabcin zai yi idan ya shiga, ka koya masa tun yanzu, kuma ka yi shirin zai yi maka musu. Duk unguwa an san mai ciwon suga ba ya shan zaƙi, sai ga shi ka ce a ɗura masa lemo. Ka gaya masa haka: idan ana shakka ko hawa ne ko faɗuwa kuma babu na'ura, a ba da suga. In hawa ne, cokali ɗaya ba zai ƙara wata ɓarna ba kafin a isa asibiti. In faɗuwa ce, cokalin nan ne ransa.

Idan yana farke kuma yana iya haɗiya, a ba shi kimanin giram 15 na zaƙi mai saurin shiga jini. Wato babban cokali ɗaya na suga a jiƙa a ruwa, ko suga mai ƙwaya guda huɗu, ko babban cokali na zuma, ko rabin ƙaramar kwalbar Coke ko Fanta, ta ainihi ba wadda aka rubuta wa Zero ba. Dabino uku ma sun yi idan yana iya taunawa. Ba lokacin madara ko gyaɗa ko tsire ko cakulan ba ne, maiƙo yana jinkirta shigar suga. A jira minti 15 a sake gwadawa. Idan har yanzu ƙasa da 70 ne, ko ba na'ura amma bai dawo daidai ba, a maimaita. In an yi sau uku ba canji, a nufi asibiti. Idan ya dawo, a bi shi da abinci mai riƙe ciki, tuwo ko burodi ko fura ko shinkafa, domin sugan da aka ba shi wutar kara ce, yanzu ta kama yanzu ta mutu, sai an sa mata gungume.

Idan kuwa ya suma, ko yana jijjiga, ko ba ya iya haɗiya, kada a zuba masa komai a baki. Ba lemo, ba madara, ba manja, ba ruwan rubutu. Wanda ya suma ba ya iya kare maƙogwaronsa, abin da aka zuba huhu yake tafiya, kuma mun rasa mutanen da sugan bai kashe su ba shaƙewar ce ta kashe su. Kada a cusa cokali tsakanin haƙora. A kwantar da shi a gefensa, a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa, ba mafi girma ba. Ruwan suga na jijiya ba sai an zo Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi ba, babban asibitin gari ma aikinsa ne. Addu'a a yi ta a cikin mota. A ɗauki kwalayen magungunansa duka a leda, kuma kalmar farko da za a gaya wa ma'aikaci a bakin ƙofa ita ce: mai ciwon suga ne, a gwada sugansa. Akwai allurar glucagon mai ɗaga suga da ake yi wa wanda ya suma a gida, a Turai da Amurka iyalai na ajiye ta, amma a nan samunta wuya ga tsada, kada a ɓata lokacin nemanta. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, a ajiye ta, a kuma ajiye ta mai Keke Napep na unguwa wanda zai tashi ko ƙarfe ukun dare ne. Idan an gyara suga amma baki ya karkace ko hannu bai dawo ba, wannan wata magana ce daban, ta shanyewar ɓarin jiki, ita ma ta gaggawa.

Batun azumi, na san nan ne za ku yi ta. A wani babban bincike da ake kira EPIDIAR, wanda aka yi a ƙasashe 13 a kan mutum fiye da 12,000 aka wallafa a 2004, an ga mummunar faɗuwar suga ta ninka kusan sau bakwai da rabi a watan Ramadan ga masu irin ciwon amininka, wato nau'i na biyu. Ƙa'idar da likitocin suga suka tsayar ita ce mai azumi ya karya nan take idan gwaji ya nuna ƙasa da 70 ko sama da 300, ko ya ji alamun faɗuwa, ko da saura minti goma a kira salla. Sokin yatsa don gwaji ba ya karya azumi a wajen mafi yawan malamai. Ni ba malami ba ne, amma kowa ya san sauƙin da Suratul Baƙara ta yi wa marar lafiya a azumin farilla, balle nafila. Ra'ayina a fili yake: ya dakatar da Litinin da Alhamis har ya ga likitansa an duba ƙoda an sake tsara magani. Da yawa suna komawa azuminsu lafiya bayan an canza ƙwaya ko an mayar da lokacin shanta zuwa buɗa-baki. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a sha ƙwayar safe yadda aka saba da sahur sannan a wuni ba ci. Kada kuma tsoro ya sa ya watsar da maganin gaba ɗaya da kansa, wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Idan ka san malamin da yake jin maganarsa, ka bi ta nan, zai fi karɓa daga bakinsa fiye da nawa.

Idan yana zuwa gida ƙarshen mako, kuma shi ke tuƙi, ya gwada kafin ya tayar da mota. A Ingila shawarar da ake ba direbobi masu allurar insulin ita ce in gwaji bai wuce 5.0 ba, wato 90, su ci wani abu tukuna, kuma wanda sugansa ya faɗi ya jira minti 45 bayan ya daidaita kafin ya kama sitiyari. Hanyar Gombe zuwa Bauchi ta Alkaleri, da tireloli da dogon daji, ba wurin da mutum zai fara ganin hanya biyu ba ne. Dabino da suga mai ƙwaya su zauna a mota, da aljihun riga, da gefen katifa inda hannu zai kai ba sai an miƙe ba. Da 'yar takarda a aljihu mai cewa yana da ciwon suga, in an gan shi a ruɗe a ba shi zaƙi a kira lamba kaza. Na'urar gwaji kuma in ba shi da ita, ko tsinkayenta sun ƙare ya ƙi saye saboda tsada, ga tsarabar da za ka kai masa.

Saura yadda za ka tunkare shi. Namiji ɗan shekara 58 mai riƙe da ofis ba ya son a mai da shi abin lallaɓawa, kuma da yawa suna ɓoye ciwon a wurin aiki don kada a ce sun gaza. Idan ka zo masa da "za mu riƙa duba ka", zai ce shi ba yaro ba ne. Ka gaya masa abin da ya faru tiryan-tiryan, har zagin, da kalmomin da ya faɗa, domin shi bai ji kansa ba, kuma jin hakan daga bakinka zai girgiza shi fiye da duk bayanin da na yi. Sannan ka mai da abin na juna: kai ma shekarunka sun ja, shi ya riƙa kiran asuba, kai ka riƙa na isha'i. A hirar farko ka karɓi abu uku kafin ku ajiye waya: sunan ƙwayar, ranar da zai ga likita cikin makon nan, da lambar uban yaron da ya kawo kunu.